Maganin Bairos Daga Jinin Doki: Yadda Ake Haɗa Shi da Inda Aikin Ke Lalacewa

Dokin da nauyinsa ya kai kilo 500 yana ɗauke da jini kusan lita 40. A zama ɗaya ana iya ɗibar lita shida zuwa bakwai daga babbar jijiyar wuyansa, a ware ruwan jinin, a mayar masa da jajayen ƙwayoyinsa, ya koma barga yana cin ciyawarsa. Ruwan jinin da za a samu ya kai lita huɗu. Mutumin da ke bayar da ruwan jini kuwa, abin da ake ɗiba a jikinsa a zama ɗaya bai cika wuce mililita 600 zuwa 800 ba, kuma ba wanda zai yi ta yi wa mutum allurar ƙwayar cuta sau biyar ko shida don garkuwarsa ta yi ƙarfi. Wannan lissafi shi ya sa har yau, duk sa'ad da sabuwar cutar bairos ta ɓulla, sai a ji wasu cibiyoyi sun koma kan doki.

Dabarar tsohuwa ce. A 1890 Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna a Jamus cewa ruwan jinin dabbar da ta samu garkuwa yana kare wata dabbar. A 1894 Émile Roux na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya yi amfani da na doki wajen yi wa yara masu mashaƙo magani. A wancan zamani jinin ake bari ya daskare, a tsiyaye ruwan da ya taso sama, shi ne siram, kuma sunan ya bi maganin har yau. Amma masana'antun yanzu ba sa barin jini ya daskare. Filasma suke ɗiba, wato ruwan jinin da aka hana shi daskarewa, saboda ta haka ne ake iya mayar wa doki jajayen ƙwayoyinsa.

Abin da ake nema a cikin ruwan shi ne antibodi, wani furotin da jiki ke ƙerawa don ya kama baƙon abu. Siffarsa kamar sanda mai reshe biyu: rassan su ke cafke bairos, gindin kuma shi ke kiran sauran dakarun garkuwar jiki. Doki ba iri ɗaya yake ƙerawa ba. Yana fitar da ɗaruruwan iri, kowanne da wurin da yake kamawa a jikin bairos. A nan ƙarfin wannan magani yake, domin idan bairos ya sauya kama a wuri ɗaya, sauran suna nan riƙe da shi. Rauninsa kuma a bayyane yake: furotin ɗin dabba ne za a ɗura a jijiyar mutum.

Tun ran gini, ran zane

Doki ba ya zaɓe. Duk abin da aka tsira masa, shi zai yi wa garkuwa. Saboda haka ingancin maganin yana farawa ne daga abin da ke cikin sirinji na farko, wanda ake kira antijin.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko, a yi renon bairos ɗin kansa a cikin ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, sannan a kashe shi da sinadari, galibi beta-propiolactone. Amfaninta shi ne doki zai ga bairos gaba ɗayansa. Matsalarta uku ce. Idan bairos mai haɗari ne, sai da ɗakin gwaji mai matakin tsaro na uku ko na huɗu, wanda ba kowace ƙasa ke da shi ba. Sinadarin kisa, musamman fomalin, yana iya murɗe siffar furotin ɗin da ke saman bairos, sai doki ya yi garkuwa ga siffar da babu ita a jikin mai rai. Sannan idan ba a wanke antijin sosai ba, guntattakin ƙwayoyin da aka yi renon a cikinsu da furotin ɗin ruwan renon za su bi shi, doki ya ɓata ƙarfinsa wajen yi musu garkuwa. A ƙarshe kwalba ta cika da antibodi marar amfani, wanda ba ya kashe komai amma yana iya tayar wa majinyaci da bori.

Ta biyu, a ƙera furotin ɗaya tak na bairos ta fasahar sarrafa ƙwayoyin gado, wanda shi ne makullin da bairos ke buɗe ƙwayar halittar mutum da shi. A cutar korona, furotin ɗin ƙaya ne, ko ɗan yankinsa da ake kira RBD. Wannan ya fi tsabta, ba ya buƙatar ɗakin tsaro, kuma garkuwar doki tana tattaruwa a wurin da ya dace. Sai dai dole furotin ɗin ya naɗe kansa daidai yadda yake a jikin bairos. Wanda aka ƙera a cikin bakteriya sau da yawa ba ya samun suturar sukarin da ke jikin na asali, kuma yakan naɗe a karkace. Shi ya sa aka fi son a ƙera shi a ƙwayoyin halittar dabbobi ko na ƙwari, ko da ya fi tsada. Akwai wani abin lura: furotin na cikin bairos, irin wanda ke rufe ƙwayar gadonsa, yana tayar da garkuwa mai yawa, gwaji ya nuna lamba mai girma, amma antibodin ba ya hana bairos shiga ƙwayar halitta. Wanda bai san wannan ba sai ya yi murna da lambar banza.

Antijin shi kaɗai ba ya isa. Ana gauraya shi da sinadarin zuga garkuwa. Mafi ƙarfi shi ne haɗin Freund cikakke, mai da ruwa da matattun ƙwayoyin dangin tarin fuka. Ƙarfinsa ne kuma aibinsa: yana haddasa kumburi mai tauri da maruru, wani lokaci fata ta ruɓe ta fashe. Ƙa'idar ita ce sau ɗaya kawai ake amfani da cikakken, a allurar farko. Ta biyu a yi da haɗin Freund marar ƙwayoyin, daga nan a koma gishirin alminiyam, ko man Montanide, ko antijin a ruwan gishiri zalla. Maimakon a zuba mililita biyu a wuri ɗaya, sai a rarraba shi ɗigo-ɗigo, mililita 0.1 zuwa 0.2 a wurare kamar goma a ƙarƙashin fatar wuya da gadon baya, kusa da kaluluwa. Ciwon ya ragu, garkuwar kuma ta ƙaru, domin kaluluwa da yawa ne suka samu saƙon a lokaci guda. Yawan antijin ba shi ne ba. Daga 'yan ɗaruruwan maikrogiram zuwa miligiram kaɗan ya wadatar a kowace allura.

Ana maimaita allurar bayan kowane mako biyu zuwa uku, ana ɗibar ɗan jini ana aunawa. Tazarar tana da dalili. A cikin kaluluwa, ƙwayoyin da ke ƙera antibodi gasa suke yi, wanda nasa ya fi kama antijin da ƙarfi shi ke rayuwa ya hayayyafa. Wannan tacewa makonni take ɗauka. Wanda ya matse jadawali don sauri zai samu antibodi mai yawa amma mai sakwa-sakwan riƙo. Yawanci wata biyu zuwa uku ake yi kafin doki ya kai matsayin da ake so. Kuma dawaki ba ɗaya suke ba: a garke guda, da allura guda, wani zai ninka wani sau da yawa, wani kuma ba zai taɓa tashi ba. Irin wannan cire shi ake yi, domin ruwan jininsa tsarma na sauran kawai zai yi.

Dokin kansa

Ana zaɓen lafiyayyu masu shekara uku zuwa goma, masu jiki, masu sanyin hali. Dandaƙaƙƙu da goɗiyoyi sun fi ingarma sauƙin sarrafawa. Kafin a taɓa su sai an killace su na makonni shida zuwa goma sha biyu, a yi musu gwajin Coggins na cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa tsakanin dawaki, da gwajin cutar gilandas wadda ke kama dawaki har da mutane, da sauran cututtukan yankin da suka fito. A ba su maganin tsutsa, a yi musu rigakafin tetanas da haukan kare da murar dawaki, a sa wa kowanne lamba. Wannan lamba dole ta bi kowace jakar ruwan jini har zuwa kwalbar ƙarshe.

Tarihi ne ya koyar da wannan tsauri. A 1901, a birnin St. Louis na Amurka, wani doki mai suna Jim da ake ɗibar maganin mashaƙo a jikinsa ya kamu da tetanas. Siram ɗin da aka ɗiba lokacin cutar na jikinsa ya fita ba tare da gwaji ba, yara 13 suka mutu. A 1902 Amurka ta kafa dokar sa ido kan irin waɗannan magunguna. Shi ya sa a yau ruwan jinin da aka ɗiba ake ajiye shi a jira, ana duba dokin na wasu kwanaki, kafin a bari ya shiga babbar tukunya.

Ana ɗibar jini kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan allurar ƙarshe, lokacin da antibodi ya kai ƙololuwa. A tsayar da doki a cikin shingen ƙarfe, a aske wuyan, a wanke da maganin kashe ƙwayoyi, a sa ɗan maganin kashe zafi, a soka babbar allura. Jinin yana gangarawa ta bututu zuwa jakar roba rufaffiya mai ɗauke da sitiret, wanda ke kama kalsiyam ya hana daskarewa. Dole a riƙa jujjuya jakar a hankali, in ba haka ba gudaji ya fito a gefen da sitiret bai kai ba. Ma'aunin da aka saba shi ne mililita 13 zuwa 15 a kowane kilo na nauyin doki.

Jinin doki yana da wata baiwa: jajayen ƙwayoyinsa suna jeruwa su manne kamar tarin kwabbai, su nutse ƙasa da kansu. Jaka ta kwana a sanyin digiri 2 zuwa 8, da safe za a tarar da ruwa mai launin rawaya a sama, ja a ƙasa, ba sai da injin juyawa ba. A matse ruwan zuwa wata jaka, a gauraya jajayen ƙwayoyin da ruwan gishiri, a ɗumama su zuwa zafin jiki, a mayar wa dokin da aka ɗiba a jikinsa cikin awa 24. Kuskuren lamba a nan, a sa wa wani doki jinin wani, yana iya kashe shi. Inda akwai injin da ke ware filasma ya mayar da jini nan take, wannan haɗari ya kau, kuma ana samun ruwa mai tsabta da yawa. Idan ruwan ya yi ja-ja, jajayen ƙwayoyi sun fashe, ba a amfani da shi.

Dokin da aka matsa wa yana nunawa. Jini ya yi ƙasa, ƙafafu da ciki su kumbura saboda albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, ya ragu, jijiyar wuya ta toshe saboda yawan suka, jiki ya riƙa karkarwa idan sitiret ya janye kalsiyam. Mafi muni shi ne abin da ke zuwa bayan shekaru na zuga garkuwa ba hutu: wani furotin mai suna amiloyid ya taru a hanta, ta yi rauni, wata rana ta fashe, doki ya faɗi. Hutun makonni tsakanin zagaye, abinci mai furotin, awon jini kafin kowace ɗiba, da likitan dabbobin da ke da ikon cewa yau ba za a ɗiba ba, waɗannan haƙƙin dabbar ne, kuma su ne ke riƙe ingancin maganin. Dokin da ya rame ba ya ba da antibodi mai kyau.

Daga filasma zuwa kwalba

Ɗanyen ruwan jinin doki ba magani ba ne. Mafi yawan furotin ɗin da ke ciki, albumin da fibrinojin da sauransu, kaya ne kawai da ke tayar da bori. Ko a cikin antibodin ma, kaso kaɗan ne ke kama bairos ɗin da ake nufi. Sauran na cututtukan da dokin ya haɗu da su ne a rayuwarsa.

Hanyar farko ta tacewa ta samo asali ne daga ayyukan Parfentjev da Pope a shekarun 1930. Ana tsarma filasma da ruwa mai tsabta, a sauko da ma'aunin tsami na pH zuwa wajen 3.0 zuwa 3.5, a zuba pepsin, enzayim ɗin narkar da abinci da aka fi samowa daga tumbin alade, kimanin giram ɗaya a kowace lita, a bar shi kamar awa ɗaya a digiri 30. Pepsin yana datse gindin antibodi ya bar rassan biyu a haɗe, abin da ake kira F(ab')2. Cikakken antibodi nauyinsa kilodalton 150, wannan kuwa kusan 100. Daga nan a ɗaga pH, a zuba gishirin amoniyam salfet kaso 12 zuwa 14 cikin ɗari, a ɗumama zuwa digiri 55 ko 56 na awa ɗaya. Tarkacen furotin ya dunƙule, a tace shi a zubar. A ƙara gishirin, sai F(ab')2 ɗin shi ma ya dunƙule, wannan karon shi ake tarawa, a narkar, a wanke gishirin.

Kowane mataki a nan yana da bakin rami. pH ya yi ƙasa da yawa ko lokaci ya zarce, pepsin ya wuce gindi ya shiga cin rassan, ƙarfin magani ya zube. Narkewar ba ta kammala ba, cikakken antibodi da guntayen gindi su saura. Zafi ya haura da digiri biyu ko uku a wani sashe na tukunya saboda motsawa ba ta kai can ba, antibodi ya dahu. Ko da komai ya tafi daidai, wannan hanya tana cinye kaso mai tsoka na ƙarfin da doki ya bayar.

Hanya ta biyu ita ce ta asid ɗin kafirilik, wadda Cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika ta daidaita don maganin dafin maciji a 1994. Dabararta akasin ta farko ce: antibodi ake bari a narke, sauran furotin ne ake dunƙulewa. A kai pH na filasma 5.5 zuwa 5.8, a riƙa zuba asid ɗin sannu a hankali har ya kai kaso 5 zuwa 6 cikin ɗari, ana motsawa da ƙarfi na awa ɗaya a digiri 22 zuwa 25. Ruwan ya koma kamar madarar da ta tsinke. A tace, abin da ya wuce shi ne cikakken antibodi, mai tsabta, da ƙarancin asara. Asid ya yi kaɗan, albumin ya saura. Ya yi yawa, antibodi ya bi tarkacen. Motsawa ta yi rauni, asid ɗin, da yake mai-mai ne, ya taso sama bai gauraya ba. Masana'antu da dama yanzu haɗa biyun suke yi, pepsin da farko, kafirilik daga baya, wasu su ƙara da tacewa ta kromatogirafi, wato a bi da ruwan ta cikin wani abu da ke rarrabe furotin iri-iri.

An daɗe ana cewa F(ab')2 ya fi cikakken antibodi aminci tunda an cire gindin. Abin da aka gani a maganin dafin maciji bai goyi bayan wannan magana kai tsaye ba. Cikakken antibodi da aka tace da kyau ya kan fi F(ab')2 mai datti sauƙi a jiki. Abin da ya fi tayar da bori shi ne yawan furotin ɗin da aka ɗura, da antibodin da ya manne da juna ya zama curi-curi, da gubar bakteriya. A maganin bairos dai akwai wani dalili na daban na cire gindi: a wasu cututtuka, irin zazzaɓin dengi, antibodin da ya kama bairos bai kashe shi ba yana iya jan sa ta gindin nan zuwa cikin ƙwayoyin garkuwa, cuta ta ƙaru. Cire gindi yana rufe wannan ƙofa. Farashinsa kuma shi ne an rasa kiran da gindin ke yi wa sauran dakarun jiki, kuma maganin ba ya daɗewa. Antibodin mutum yana kai kimanin kwana 21 kafin rabinsa ya ƙare a jini. F(ab')2 na doki 'yan kwanaki ne. Wanda aka datse zuwa reshe ɗaya kuwa, ƙoda na fitar da shi cikin awoyi.

Gubar bakteriya ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke yawan kayar da rukunin magani gaba ɗaya. Matatar maikromita 0.22 da ake bi da maganin a ƙarshe tana tare bakteriya, amma ba ta tare gubar da suka bari. Jakar filasma ta yini a wuri mai ɗumi, ko tankin ruwa ya yi datti, ko bututu bai wanku ba, bakteriya sun hayayyafa sun mutu, guba ta zauna. Majinyaci ya karɓa, cikin awa ɗaya ko biyu sai makyarkyata da zazzaɓi. Ba a gyara wannan a ƙarshe, hana shi ake yi tun farko: ruwan allura mai inganci, sanyi ba yankewa, aiki cikin hanzari, filasma kuma a ajiye ta a digiri 20 ƙasa da sifili idan za ta jira.

Sai bairos ɗin dokin kansa. Kusan shekara ɗari da suka gabaci 2018, Arnold Theiler ya bayyana a Afirka ta Kudu wani ciwon hanta da ke kama dawakin da aka yi wa allurar siram ɗin wasu dawaki. Sai a 2018 aka gano ƙaramin bairos na dangin parvo da ake dangantawa da shi. Ba a tabbatar da wani bairos ya taɓa ratsawa daga irin wannan magani zuwa mutum ba, amma darasin a fili yake: gwaji ba ya kama abin da ba a san da shi ba, dole tsarin tacewar ya zama yana kashe baƙo da kansa. Tsamin matakin pepsin da asid ɗin kafirilik suna farfasa bairos masu rigar kitse. Marasa riga, irin parvo, sun fi taurin kai, sai matata mai ramukan nanomita 20 ko ƙasa da haka, ko ɗumamawa a digiri 60 na awa goma tare da abin da zai kare antibodin. Ana son matakai biyu masu aiki ta hanyoyi daban-daban, kuma a gwada su a ƙaramin sikeli ta hanyar zuba sanannen adadin bairos da gangan a ga nawa ya tsira.

Kafin kwalba ta fita, ana duba tsabtarta daga ƙwayoyi, da gubar zazzaɓi ta gwajin zomo ko na LAL mai gano gubar bakteriya, da yawan curin furotin, da ragowar gishiri da asid. Furotin kada ya wuce giram 10 a desilita, finol, sinadarin da ke hana magani lalacewa, idan an sa shi kada ya wuce giram 2.5 a lita. Uwa uba, ƙarfi. Gwajin ELISA, wanda ke auna yawan antibodi, yana nuna antibodi ya kama bairos, ba ya nuna ya hana shi shiga ƙwayar halitta. Gwajin da ke da nauyi shi ne a gauraya maganin da bairos mai rai, a zuba a kan ƙwayoyin halitta, a ga sau nawa za a tsarma shi kafin ya kasa kare rabinsu, a kuma kwatanta da ma'aunin duniya. Na ruwa yana shekara biyu zuwa uku a digiri 2 zuwa 8. Wanda aka busar da shi a daskare yana kai shekara biyar kuma ya fi jure zafi, sai dai ya fi tsada. Kwalbar da ta yi duhu-duhu ko ta nuna ɗigon gari, zubar da ita ake yi.

A jikin majinyaci

Bori iri biyu ake tsoro. Na nan take, mai zuwa cikin mintuna: ƙaiƙayi, borin jini, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Maganinsa adirenalin, miligiram 0.5 a tsokar cinya ga babba, kuma a zuƙe shi a sirinji tun kafin a fara. Na biyu shi ne ciwon siram, wanda Pirquet da Schick suka bayyana a 1905: bayan kwana biyar zuwa mako biyu, zazzaɓi, ƙuraje, ciwon gaɓoɓi, saboda jikin mutum ya fara yi wa furotin ɗin doki garkuwa. Gwajin fata da aka saba yi kafin a ba da magani ba ya hasashen wanda zai yi bori, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina shi a maganin haukan kare.

Haukan kare shi ne inda maganin doki ya tabbatar da kansa, kuma dalilin yana bayyana komai game da sauran cututtuka. Cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara. Bayan cizo, bairos yana zama a wurin raunin na ɗan lokaci kafin ya shiga jijiyar da za ta kai shi ƙwaƙwalwa. Rigakafi kuma yana buƙatar kwana bakwai zuwa goma kafin jiki ya ƙera nasa antibodin. Maganin doki wannan giɓi yake cikewa. A wanke rauni da sabulu da ruwa na minti 15, a yi allurar rigakafi, sannan a tsira antibodin a ciki da kewayen raunin. Iyakarsa IU 40 a kowane kilo na nauyin majinyaci (IU ma'aunin ƙarfin magani ne na duniya), wanda aka samo daga jinin mutum kuwa 20. Mai kilo 60, iyakarsa 2,400, wato mililita takwas idan kwalbar mai 300 ce a kowace mililita. Tun 2018 hukumar ta ce ba sai an zuba ragowar a tsoka nesa da rauni ba, abin da raunin ya ɗauka ya isa. Cizo a yatsa ba ya cin mililita ɗaya, kuma cusa fiye da haka yana iya toshe jinin yatsan. Yaro mai kilo 15 da kare ya yayyaga a wurare shida kuwa, mililita biyu ne rabonsa, sai a tsarma da ruwan gishiri don kowane rauni ya samu. Bayan kwana bakwai da allurar rigakafin farko ba a bayarwa, domin zai danne garkuwar da jiki ya fara yi. Da alamun cutar sun bayyana, ba ya amfani ko kaɗan.

A nan an san inda bairos yake, an san ranar da ya shiga, adadinsa kaɗan ne, kuma ana kai masa maganin har gida. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, sakamako ya sauya. A shekarun 1990 masana a Rasha sun haɗa antibodin doki na cutar Ebola. Da aka gwada shi a kan birai a Amurka a 1996, ya jinkirta bayyanar bairos a jini da mutuwa, amma bai cece su ba. Bairos ya fi maganin saurin hayayyafa, maganin kuma ya ƙare kafin yaƙin ya ƙare.

Korona ta maimaita darasin a babban fage. A 2020 kamfanin Inmunova a Ajantina ya yi wa dawaki allurar RBD, Cibiyar Clodomiro Picado ta haɗa iri biyu, cibiyoyin Butantan da Vital Brazil a Barazil da wasu kamfanoni a Indiya suka yi nasu. A ɗakin gwaji, ƙarfinsu ya ninka na ruwan jinin mutanen da suka warke sau da yawa. Na Ajantina ya shiga gwaji a kan majinyata kimanin 240 da ke kwance a asibiti, miligiram huɗu a kowane kilo, sau biyu, tsakaninsu awa 48. Bai haifar da bori mai tayar da hankali ba, kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta ba shi izinin gaggawa a Disamban 2020. Amma a babban ma'aunin da aka sa wa gwajin tun farko, bambancinsa da na waɗanda ba a ba su maganin ba bai kai matsayin hujja ba. Wannan bai nuna antibodin ba ya aiki ba. Mutumin da ya kai mako guda yana jinya har huhunsa ya kumbura, ba bairos ne kaɗai ke cinsa ba, garkuwarsa ce ta yi ambaliya, kuma yawanci ya riga ya fara ƙera nasa antibodin. Wurin da ya kamata a gwada irin wannan magani shi ne kwanakin farko, a kan masu rauni da waɗanda jikinsu ba ya iya ƙera garkuwa. Sai dai ɗura furotin ɗin doki ta jijiya ga wanda bai kwanta ba yana buƙatar gado, ma'aikaci da adirenalin a kusa, a lokacin da asibitoci suka cika.

Da nau'in korona mai suna Omicron ya bayyana a ƙarshen 2021, yawancin antibodin masana'anta masu kama wuri ɗaya tak suka daina aiki. Na doki ƙarfinsa ya ragu amma bai ɓace gaba ɗaya ba, kuma dokin da ya riga ya samu garkuwa ana iya ƙara masa allurar sabon nau'i, cikin makonni ya amsa. A haukan kare kuwa akasin haka ake tafiya: bairos ɗin ba ya yawan sauya kama, Indiya ta amince da antibodin masana'anta na farko a 2016, kuma a hankali irinsa na iya karɓe wurin na doki idan farashinsa ya sauko.

Daga allurar farko zuwa kwalbar farko ana iya yin wata uku zuwa huɗu, amma fa idan barga, da dawakin da suka gama killace, da tukwanen tacewa, da ma'aikatan da suka san hannunsu suna nan tun da. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan duk cibiyoyin da suka fitar da maganin korona na doki a 2020, ko dai su da kansu suna haɗa maganin dafin maciji shekara da shekaru, ko kuma sun jingina da masana'antar da ke yin sa, suka sauya antijin kawai suka bi layin da suka saba.